Yadda ake karanta komik ɗin jarumai masu dattin hannu

Idan ka taso da kallon finafinan Indiya da na Cana, inda tun minti goma na farko ka san wane ne akta wane ne bos, to ranar da ka fara buɗe Watchmen ko The Dark Knight Returns ɗayan biyu ne zai sameka. Ko dai ka rufe littafin kace wai ina jarumin yake ne a nan, kowa ɗan iska, ko kuma, wanda ni a ganina ya fi muni, ka zaɓi wanda ya fi kowa zafin kai da iya jefa magana ka maida shi gwarzonka, har ka ɗora hotonsa a shafinka, alhali marubucin ya zana shi ne don ka ji tsoron zama irinsa. Dukka biyun asara ce. Littattafan nan suna da hanyar da ake bin su, kuma ba wani abu mai wuya bane, ido ne kawai da ɗan haƙuri. Ka sani tun yanzu zan tona ƙarshen wasu labaran, don babu yadda za'a yi bayanin nan a bar ƙarshen a rufe.

Fara da sanin abin da suke yi wa bore, in ba haka ba duk duhun da ke ciki zaka ɗauka son jini ne kawai. Superman ya fito a 1938, Batman a 1939, kuma na farkon farkon ba salihai bane, Batman na wancan lokacin har bindiga ya riƙe kuma ya kashe mutane. Sai a 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya fitar da littafi yana cewa komik na lalata tarbiyyar yara, wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ya zauna ya saurari bahasi a kan maganar, kamfanonin suka tsorata suka kafa wa kansu hukumar tacewa, Comics Code Authority. Dokokinta sun ce dole a kowane labari alheri ya rinjayi sharri, dole mai laifi ya sha hukunci, kuma ba'a nuna ɗan sanda ko alƙali ko jami'in gwamnati ta yadda mai karatu zai raina su. Littafin da ba shi da hatimin hukumar a bangonsa masu shaguna da yawa basa karɓa. To kaga shekara da shekaru ana rubuta jarumi da baya kuskure, ba don marubutan basu san halin ɗan adam ba, an ɗaure musu hannu ne. A 1971 Marvel ta buga labarin Spider-Man a kan shaye-shaye ba tare da hatimin ba, aka sassauta dokar a shekarar, daga nan ƙofa ta fara buɗewa kaɗan kaɗan, Punisher ya bayyana a 1974, a 1979 aka nuna Iron Man giya na neman kai shi ƙasa. Sai 1986 ta zo, Frank Miller ya saki The Dark Knight Returns, Alan Moore da Dave Gibbons su kuma suka fara Watchmen, daga nan ne komai ya sauya. Ka riƙe a ranka lokacin yaƙin cacar baka ne, mutane na kwana da fargabar nukiliya, Amurka bata gama warkewa daga Biyatnam da badaƙalar Watergate ba. Tambayar da marubutan ke yi ita ce, mutumin da ya rufe fuskarsa ya fita cikin dare yana dukan mutane ba wanda ya aike shi, wane irin mutum ne a zahiri, kuma wa zai tsawatar masa in ya wuce gona da iri? Mu da muka san muhawarar da ake yi a kan 'yan sa-kai da 'yan banga, wannan tambayar ba baƙuwa bace a wajenmu.

Abu na gaba, kuma nan ne mutane suka fi faɗawa rami: duk lokacin da ka ga rubutu a ɗan akwatin nan na saman hoto, tsaya ka tambayi kanka bakin waye wannan. A komik ɗin da, akwatin nan muryar mai ba da labari ce, abin da ya faɗa shi ne gaskiya. A Watchmen shafin farko ma da littafin sirrin Rorschach, ɗaya daga cikin jaruman labarin, aka buɗe, shi ke magana, yana zagin birnin Niyok yana kiran mutanenta ƙazanta, kuma maganar tasa tana da daɗin ji, gajera gajera kamar sara. Kafin ka ankara ka fara kallon duniya da idonsa. Amma ai ba Moore ne ke magana ba, Walter Kovacs ne, wato shi Rorschach ɗin a sunansa na gaskiya, mutumin da baya wanka, yake cin wake daga gwangwani ba ɗumi, ya tsani mata saboda abin da ya gani a wajen uwarsa yana yaro. Moore ya gina shi ne a kan wasu jaruman mai zanen komik Steve Ditko da suka yarda cewa abu ko fari ne ko baƙi babu tsakani, don ya nuna yadda mai irin wannan aƙidar zai kasance in an sauko da shi cikin mutane. Shi kansa Moore ya sha faɗa a hirarraki cewa abin ya dame shi da ya ga masu karatu suna cewa Rorschach ne madubinsu. Haka ma a littafin Miller, Bruce Wayne, wato Batman, ɗan shekara 55 ne ke ba ka labarin kansa, ya yi shekara goma da ajiye kayan jarumta ya dawo, kuma in ka lura da yadda yake siffanta karya ƙashin mutum zaka ji akwai jin daɗi a ciki, ba tilas kaɗai ba.

To yaya zaka gane inda marubucin ya tsaya tunda ba zai fito ya faɗa maka ba? Ka daina karanta rubutu kaɗai, ka kalli hoton. Wannan shi ne abin da komik ya fi littafin zube da shi, baki na faɗin abu ɗaya hoto na nuna wani, kuma a tsakaninsu ne gaskiyar take. Ga misali, a babi na farko Rorschach ya shiga wata mashaya yana neman wanda ya kashe wani jarumi ɗan'uwansu mai suna Comedian, ya kama hannun wani mutum yana karya masa yatsu ɗaya bayan ɗaya. In rubutun kawai ka bi zaka ce kai wannan namiji ne. Duba fuskokin mutanen da ke wajen, sannan ka tambayi kanka me ya samu. Bai samu komai ba, ko kalma ɗaya mai amfani, ya karya yatsun bawan Allah a banza ya fita yana zargin birnin. Wannan ɗabi'ar ka riƙe ta a kowane littafi, duk sanda jarumi ya yi duka ko ya kashe, ka duba akwatin hoto biyu ko uku na gaba, shin an nuna maka wanda aka daka, an nuna maka abin ya yi amfani ko bai yi ba, ko kuwa an wuce kawai an bar ka da hoton jarumin a tsaye jijiyoyi sun tashi. Marubucin da ya tsaya a kan wanda aka daka yana so ka yi tunani. Wanda ya wuce yana so ka yi tafi.

Kuma don Allah kar ka tsallake shafukan rubutu zalla da ke ƙarshen babi-babi na Watchmen, na san suna da gajiyarwa, Turancin ma da nauyi, amma a can aka ɓoye wasu makullan. A ƙarshen babi na shida akwai wani rubutu da Kovacs ya yi yana yaro, inda yake yabon shugaba Truman da ya jefa bam ɗin nukiliya a Japan, wai ai ya ceci miliyoyin rayuka. Riƙe wannan. A ƙarshen littafin Adrian Veidt, wato tsohon jarumin da ake kira Ozymandias, ya hallaka miliyoyin mutane a Niyok da wani dodon ƙarya da ya ƙera, don Amurka da Tarayyar Sobiyet su ɗauka maƙiyi ne daga wata duniyar su haɗa kai su fasa yaƙi, kuma dabarar ta yi aiki, aƙalla a lokacin. Lissafinsa da na Truman ɗin da Kovacs ya yaba iri ɗaya ne, a kashe wasu don a ceci mafi yawa. Amma Rorschach shi kaɗai ne ya ƙi yarda a bar kaza cikin gashinta, ya ce sai ya tona, har Dr. Manhattan, jarumin da ya fi kowa ƙarfi a littafin, ya kashe shi a kan haka. Rorschach ɗin ne kuma mutumin da tun farko da aka gaya masa Comedian ya yi yunƙurin yi wa wata jaruma Sally Jupiter fyaɗe ya ɗauki abin a matsayin ɗan tuntuɓe kawai, don yana ganin Comedian ɗan kishin ƙasa ne. Kaga mutumin da ake cewa baya lanƙwasa ashe yana lanƙwasawa in abin ya shafi wanda yake so. Wannan gwajin ka riƙa yi wa kowane jarumi, ka nemo dokar da ya kafa wa kansa, sannan ka bi shi da ita shafi shafi ka ga inda ya karya ta da kuma wa ya karya wa. Batman na Miller dokarsa baya kisa, amma ya shigo da tankar yaƙi yana harbin yara 'yan daba da harsashin roba, ya karya wa Joker wuya ya tsaya daf da kisa, ya ɗauki yarinya 'yar shekara 13, Carrie Kelley, ya sa ta a fagen fama. Ba ina cewa ka tsane shi bane, ni kaina ina son littafin, ina cewa ka ƙirga abin da dokar tasa ta halatta masa.

Wani abu da ni na fi ba wa muhimmanci a kan duk sauran: bi talakawan labarin. Ba masu kayan jarumta ba, waɗanda ke gefe. A Watchmen akwai wani mai sayar da jarida a bakin titi da wani yaro da ke zaune kusa da shi kullum yana karanta komik ɗin 'yan fashin teku, akwai likitan da ke duba Rorschach a kurkuku da matarsa da aurensu ke tangal-tangal, akwai wata direbar tasi, akwai 'yan sanda biyu. Babi bayan babi ana ta dawo da kai wannan kwanar titin kana cewa wai meye amfanin waɗannan. Ashe ana saba maka da su ne. Daren da Veidt ya saki abinsa duk suna wajen, wasunsu ma sun taso ne su raba faɗa tsakanin mutane biyu da ba ruwansu da su, kuma mai jaridar ya rungume yaron ya kare shi da jikinsa. Babi na goma sha biyu ya buɗe da shafi shida cur, kowanne hoto ɗaya ne babba, gawarwaki kawai, a littafin da tun farko aka saba maka da ƙananan akwatuna tara a shafi. Wallahi wanda ya karanta wannan a natse bazai ce Moore ya yanke ƙauna da ɗan adam ba. Da manya masu yi wa duniya lissafi ne yake da matsala, su da suke ganin mutum lamba ne. Shi ya sa in wani ya ce maka Veidt ya yi daidai tunda ya hana yaƙi, ka ce masa ya koma ya kalli shafuka shidan nan, kuma ya karanta labarin 'yan fashin tekun da yaron ke karantawa, na mutumin da ya yi ta aikata ta'asa don ya ceci iyalinsa har ya zama shi ne bala'in da yake gudar musu. Shi kansa Veidt da aka bar shi shi kaɗai da Manhattan sai da ya tambaya ko ya yi daidai, kuma bai samu amsar da yake so ba.

Daga nan sai ka koyi raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai labarin da ya sa jarumi a tsaka mai wuya da gaske, gaba kura baya sayaki, duk abin da ya zaɓa akwai wanda zai cutu. Akwai kuma labarin da kawai ya ɗauka kowa munafuki ne, duk mai kirki ko wawa ne ko yana da abin da yake ɓoyewa. Na farkon yana da wahalar rubutawa, na biyun kowa zai iya. Hanyar ganewa ita ce ka ɗauki ɓangaren da ba ka so ka gwada kare shi da gaskiyarka na minti biyu. In ka iya, marubucin ya yi aiki. Magneto na komik ɗin X-Men, ɗan jinsin da ake haifa da baiwa ta musamman kuma mutane ke tsangwama, misali ne mai kyau, marubuci Chris Claremont ya maida shi wanda ya tsira daga sansanin 'yan Nazi, saboda haka in ya ce ba zai zauna ya jira a sake yi wa jinsinsa abin da aka yi wa danginsa ba, kana iya ƙin hanyarsa amma baka isa ka ce tsoronsa ƙarya bane. A Civil War na Marvel, na 2006 zuwa 2007, wasu jarumai matasa masu neman suna a talabijin sun jawo fashewar da ta kashe mutum sama da 600 a garin Stamford har da 'yan makaranta, gwamnati ta ce kowane jarumi ya yi rajista, Iron Man ya goyi baya Captain America ya ƙi. Tushen yana da kyau sosai don kowa da hujjarsa, sai dai ni a ganina an ɓata shi a tsakiya da aka sa ɓangaren Iron Man suna kulle abokansu a wani kurkuku ba shari'a, sai ya zama an zaɓa maka wanda zaka tsana. Ƙarshen ne ya ɗan gyara, inda talakawa ma'aikatan agaji suka rirriƙe Captain America, ya waiga ya ga ɓarnar da faɗansu ya yi wa unguwa, ya miƙa wuya.

The Boys na Garth Ennis da Darick Robertson, wanda ya fara a 2006 ya ƙare a 2012, shi kam ya fi karkata ga na biyun, kusan duk mai kayan jarumta a ciki fasiƙi ne da kamfani ke tallatawa kamar sabulu. Akwai gaskiya a sukar da yake wa kamfanoni da yadda ake sayar da suna, amma in kowa lalatacce ne ai babu sauran tambaya, an riga an ba ka amsa. Abin da ya ceci littafin shi ne Billy Butcher, shugaban ƙungiyar da ke farautar jaruman, wanda ka bi tun farko kana jin daɗin yadda yake rama wa waɗanda aka zalunta, a ƙarshe ya juya kan mutanensa yana neman hallaka duk wanda ke da sinadarin da ke ba jarumai ƙarfi a jikinsa, sai ka gane tun tuni haka yake, kai ne baka so ka gani ba. Bayan 1986 kuwa an yi ta kwaikwayon duhun ba tare da tunanin ba, shekarun 1990 suka cika da jarumai masu manyan bindigogi da cije baki, babu talaka ko ɗaya a hoton da za'a tausaya wa. Irin waɗannan in ka yi musu gwajin hoto biyu na gaba nan take suke faɗuwa.

Ka kula kuma da abin da masu karatu ke yi da jarumi a waje. Frank Castle, Punisher, tsohon soja ne da 'yan mafiya suka kashe masa mata da 'ya'ya, ya koma kashe masu laifi ba kotu ba alƙali. Wasu 'yan sanda a Amurka suka riƙa liƙa tambarinsa na ƙoƙon kai a motocinsu, Gerry Conway da ya ƙirƙiro shi ya fito fili ya ce wannan bai dace ba, don Punisher alama ce ta cewa shari'a ta gaza. A 2019 ma an yi wata fitowa inda shi Castle da kansa ya yage tambarin daga motar 'yan sanda ya ce musu in abin koyi suke nema su nemi Captain America.

Kada ka tsaya a ɓangare ɗaya, nemi littattafan da suka mayar da martani, don muhawara ce ake yi tsakanin marubuta. Kingdom Come na Mark Waid da Alex Ross, 1996, ya nuna duniyar da jama'a suka zaɓi jarumi mai kisa, Magog, bayan ya kashe Joker kotu ta sake shi, Superman ya yi fushi ya janye, sai ga shi sakacin sabbin jaruman ya shafe yankin Kansas. A 2001 Joe Kelly ya rubuta Action Comics lamba 775, inda wata ƙungiya mai kashe miyagu ta samu farin jini har yara na kwaikwayonsu, Superman ya yi kamar ya zama irinsu ya karkashe su, duniya na kallo ta tsorata, sannan ya nuna babu wanda ya mutu. Waɗannan ba komawa zamanin hukumar tacewa bane, sun ji sukar sun yarda da rabinta, sannan suka ce duk da haka wanda ya fi kowa ƙarfi shi ya fi kowa buƙatar ya kame hannunsa.

In zaka fara, ni shawarata ka fara da The Dark Knight Returns don ka riga ka san Batman kuma kashi huɗu ne kacal, ka lura da ƙananan akwatunan talabijin da ke cike da masu sharhi suna musu a kansa, kar ka tsallake su, su ne muryar gari. Sai Watchmen, babi ɗaya a zama ɗaya, kar ka yi masa karatun gudu, in ka gama ka koma babi na biyar ka buɗe tsakiyarsa ka riƙa kwatanta shafin dama da na hagu kana fita waje, zaka ga an jera su kamar madubi. Sai Kingdom Come ya biyo baya. Fim ɗin Watchmen na 2009 ka bari sai ka gama littafin, don an sauya ƙarshen kuma an ƙawata faɗan ya yi kyau a ido, wanda shi ne ainihin abin da littafin ke gudu. In a waya kake karantawa kar ka yarda da tsarin nan da ke nuna maka akwati ɗaya ɗaya, buɗe shafin gaba ɗaya tukuna ka ga yadda aka tsara shi sannan ka zuƙo. Kuma waɗannan ba na yara bane ko kaɗan duk da kayan da jaruman ke sawa, akwai jini, akwai tsiraici, akwai fyaɗe, The Boys kam ya wuce duk inda kake zato, wanda baya son ganin irin wannan ya bar shi, sauran ukun sun ishe shi. In ƙaninka ɗan firamare ne ya dame ka sai ka ba shi komik, nemo masa na Spider-Man na da, waɗannan ka ajiye su inda hannunsa bazai kai ba.